Tallafin tafiya karatun lafiya a waje: wa ya taɓa samu?

'Yar aji biyar, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Assalamu alaikum yayyena. Ina son in yi wata biyu a cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke Fajara, a Gambiya, amma kuɗin jirgi sun fi ƙarfin gidanmu. Don Allah wanda ya taɓa samun tallafi ya faɗa mini yadda ya yi.

Likita ɗan Gwadabawa:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na nema ban samu ba, don na cika takardata da zancen zazzaɓin cizon sauro, abin da kowa ke rubutawa. A karo na uku na ba da labarin yaran da na gani da idona a Asibitin Noma na nan Sakkwato, inda ake kula da masu cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska: tamowa ta raunana yaro, ƙyanda ta biyo baya, dasashi ya kumbura, kafin mako biyu kunci ya huje. Har yau fuskar wani ɗan shekara huɗu ba ta bar ni ba. Lokacin kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta daɗe da sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su ba, a Disambar 2023. Wannan takardar ta kai ni Ingila. Ki rubuta abin da kika gani a ɗakin marasa lafiya.

Ma'aikaciyar lafiyar al'umma, Tambuwal:
Ki tambaya tun wuri: kafin tafiya za su biya, ko sai kin dawo? Ni waɗanda suka ba ni cewa suka yi in sayi tikiti, su mayar mini. Naira ta faɗi a Yunin 2023, Baba ya sayar da raguna uku ya cika. Wata huɗu na yi ina jira.

Ɗan Mabera:
Gambiya tana cikin ECOWAS, ba ki buƙatar biza, amma kada ki manta katin rigakafin shawara. Ni tallafina daga Abuja ya fara, daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato zuwa can aljihuna ya biya. Chevening kuma, wato tallafin gwamnatin Birtaniya na karatun digiri na biyu, ki bari tukuna, sai mai shekara 2 da fara aiki.

'Yar aji biyar:
Allah ya saka da alheri. Likita, na taɓa yin mako uku a asibitin nan. In zan kawo labarin yaran, izinin wa zan fara nema, na iyayensu ko na kwamitin asibiti?