Kalmar "gyara" da ta raba kan zaure

Ɗalibar Kemistiri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Wata bakwai ina kan aiki ɗaya. Na jiƙa garin ganye a sinadarin narkarwa, na tace, na zuba a doguwar kwalbar gilashi cike da farin garin silika, na zauna ina kallon ruwa yana ɗiga ɗis-ɗis cikin ƙananan kwalabe sama da ɗari. Abin da na samu a ƙarshe bai rufe gindin ƙaramin cokali ba. Daga shi na haɗa wasu sinadarai shida, na gwada su a kan bakteriya, biyu suka fi uwarsu ƙarfi. Jiya da na gabatar da aikin, wani babba ya miƙe a gaban jama'a ya ce wai mun ɗauki magani mai tsafta mun mayar da shi guba. Don Allah a daina wannan magana. Tsiro mafari yake ba mu. Sau da yawa sinadarin cikinsa ba ya narkewa, ko hanta ta rusa shi da wuri, ko ya ci wa mutum ciki, sai an gyara shi kafin likita ya iya auna wa yaro. Atemisinin, sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ganyen Atemisiya, ba ya narkewa sosai a ruwa. Da aka taɓa wuri guda a jikinsa aka samu atesunet, wanda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani allurarsa ta jijiya.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. "Gyara" kika ce? Abin da ya lalace ake gyarawa. Wace illa kika gani a halittar Ubangiji da har za ki gyara ta? Ki janye kalmar, 'yata.

Ɗan Famasi: Haba Baba. Mutum yana gyara zama, yana gyara murya, ba don sun lalace ba. Ƙarfe ma daga ƙasa yake, amma sai maƙeri ya sarrafa shi yake zama allura.

Baban Yara: To ta ce "sarrafa" mana. Me ya sa ta zaɓi "gyara"? Baki shi ke yanka wuya.

Maman Biyu: Ni ina bayan Baba. Wannan girman kai na 'yan lab shi ke damuna. Shi kansa atemisinin ɗin, ba a rubutun wani tsohon masanin maganin ƙasar Sin, Ge Hong, aka gano bakin zarensa ba? Tun ƙarni na huɗu ya rubuta cewa a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Yau kuma an zo ana yi mana gadara.

Ɗalibar Kemistiri: Anti, gaskiya ne, kuma Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin da ta gano atemisinin, ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Amma ki ƙarasa labarin. Ita da abokan aikinta sun yi ta dafa ganyen, sakamako yana fitowa yau da ƙarfi gobe babu. Rubutun nan ne ya sa ta lura ba a ce a tafasa ba. Sai ta koma amfani da wani sinadarin narkarwa mai suna "ether", wanda ke tafasa a kusan digiri 35, a 1971 ta samu tsimin da ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye gaba ɗaya. A 1972 suka ware sinadarin zalla. Ƙarfinsa yana wata gada ce ta ƙwayoyin oksijin biyu. Idan ta haɗu da sinadarin ƙarfe na jinin da ƙwayar cutar ta ci, sai ta tsinke ta halaka ta. Duk masu haɗa atesunet da ɗan uwansa atemeta ba sa taɓa gadar nan, gefe suke canzawa.

Maman Biyu: Amma ita aka ba Nobel a 2015. Talakawan da suka riƙe ganyen shekara dubu da ɗoriya me aka ba su?

Malamin Bayoloji: Wannan wata magana ce daban, kuma tana da nauyi. Sai dai ku bar ni in kawo abin da zai goyi bayan Baba, ko da ban yarda da shi ba. A watan Agusta na 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya liƙa wa sinadarin salisilik wani ɗan guntu da ake kira asetil, aka samu asfirin. A cikin watan nan dai ya yi wa mofin, maganin kashe raɗaɗi wanda ake samu daga tsiron fofi, irin wannan liƙi, aka samu hiroyin. Daga 1898 kamfanin ya riƙa sayar da shi a matsayin maganin tari. Guntun da aka ƙara shi ya sa yake saurin shiga ƙwaƙwalwa. Garin neman gira aka rasa ido.

Baban Yara: Allah ya yi maka albarka Malam. Kun ji gyaran nasu ko?

Ɗan Famasi: Malam ka ba ni mamaki. Mofin ɗin da ba a taɓa ba, ba ya sa jaraba ne? Ƙwayar zurma fa, wa ya taɓa ta a lab? Ga risin a cikinta, guba mai kisa. Kuma ni a kanti nake tsaye kullum, ina ganin masu zuwa bayan sun sha abin da ba su san awonsa ba.

Malamin Bayoloji: "Ka ba ni mamaki" ba hujja ba ce. Kuma tsayuwa a kanti ba ta sa mutum ya zama mai bincike.

Ɗan Famasi: Shekara biyar na yi ina karanta magunguna, Malam. Koyar da zanen kwaɗo ma bai sa mutum ya san awon magani ba.

Maman Biyu: Subhanallah, da malami kake magana haka? Ka girmama furfura.

Ɗan Famasi: Shi ya fara taɓa sana'ata, Hajiya.

Ɗalibar Kemistiri: Don Allah ku dawo. Akwai abin da ko masu son itatuwa ya kamata su gode wa masu haɗa sinadarai a kansa. Taksol, maganin sankarar mama da ta ƙwan mace, daga ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma a yammacin Amurka aka fara samunsa. Masana biyu masu suna Wall da Wani suka bayyana tsarinsa a 1971. Idan aka ɓare ɓawon bishiyar mutuwa take yi, abin da ake samu kuma ɗan mitsitsi ne. Sai aka gano ganyen 'yar uwarta ta Turai yana ɗauke da rabin ginin, masana suka ƙarasa sauran a lab, ganye kuwa yana sake tohowa. Sannan batun shayin ganyen Atemisiya, dangin tazargade: Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha shi a madadin magani ba, domin yawan sinadarin ya bambanta daga ganye zuwa ganye. Awo kaɗan yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai. An riga an ga masu jure maganin a yammacin Kambodiya tun wajen 2008.

Baban Yara: Duk na ji. Amma har yanzu ba ki janye kalmar ba.

Ɗalibar Kemistiri: Baba, ban ce halitta tana da aibi ba. Tsiro ya yi sinadarinsa ne don kare kansa daga ƙwari da cuta, mu kuma jijiyar jariri muke son sa shi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda tushen magani tsiro ne, kuma magabata sun riga 'yan lab sani, kamar yadda Hajiya ta tabbatar da labarin Ge Hong. Malam ya nuna mana da hujja cewa taɓa sinadari yana iya haifar da bala'i irin hiroyin. Kalmar "gyara" ba ta dace ba, daga yau "sarrafa" za mu riƙa cewa. Ɗan Famasi ya ba Malam haƙuri. Ɗalibarmu kuma muna yi mata fatan alheri, amma ta rage zafin kai a gaban manya.

Ɗan Famasi: Shugaba, ina taksol da atesunet a taƙaitawar taka? Ina zurma?

Ɗalibar Kemistiri: Na karɓi "sarrafa", Shugaba. Gobe da safe zan zuba sinadaran nan biyu a kan ƙwayoyin halittar hanta in ga ko suna kashe su kamar yadda suke kashe bakteriya. Idan sun kashe, zan koma kan kwalbar silika in canza wani gefen.