An riga an sa hannu a cinikin gida, yaya ake sauya sharaɗi?

Hajiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Gida ne a Kano, an yi ciniki a kan miliyan 20, an ba da kafin alƙalami miliyan 5, kowa ya sa hannu. Yanzu mai saye yana neman a ƙara masa wata biyu kafin ya cika kuɗi. Yaya ake gyara takardar?

Barista: Wa'alaikumus salam Hajiya. Da farko dai sai mai gida ya yarda, mutum ɗaya ba ya sauya abin da mutum biyu suka ƙulla. Kada kuma a soke kwanan wata da biro a rubuta wani a samansa, ranar rigima cewa za a yi daga baya aka cusa. Lauya ya rubuta takardar ƙari daban: sunayensu kamar yadda suke a ta farko, ranar da aka yi ta farkon, lambar fuloti, lambar sakin layin da ake sauyawa, tsohon lafazi da sabo. A ƙarshe a rubuta cewa sauran sharuɗɗa suna nan daram. Su sa hannu a kowane shafi, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi na asali. Saƙon murya na WhatsApp ba ya wadatarwa, cinikin ƙasa a rubuce ake sauya shi.

Baba Dillali: Ranka ya daɗe, abin da ake mantawa shi ne makomar kafin alƙalami. In wata biyun ya cika bai biya ba, za a mayar masa duka ne, ko za a cire wani abu, ko sai an sayar wa wani? A rubuta. Kuma a sa rana da wata, ba "bayan salla" ba. In da hali, shaidun farko da mai unguwa su dawo. Makulli kuwa ya zauna hannun mai gida har a cika kuɗi.

Malam: Allah ya saka da alheri. Jinkirtawa halal ce, amma kada a ce na ƙara maka wata biyu ka ƙara min miliyan ɗaya. Ragowar kuɗin bashi ne a wuyan mai saye, ƙari a kansa saboda jinkiri riba ce, wato kuɗin ruwa. In ba za su daidaita ba, su yi iƙala, wato su warware cinikin da yardar juna.

Hajiya: Barista, in an riga an kai takardu KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, fa?

Barista: Ƙarin wa'adi ba ya taɓa su. Amma in farashi ko sunan mai saye ko girman fili ne ya sauya, takardar miƙa mallaka ce za a sake, don sahalewar gwamna da sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada tana bin abin da aka shigar ne, kuɗin kan sarki kuma yana bin ƙimar cinikin. Lauya ya rubuta wa KANGIS tun kafin sahalewar ta fito.

Baba Dillali: In gidan gado ne, hannun babban wa kaɗai bai isa ba. Duk magadan da suka sa hannu a ta farko su sa a ta ƙari, ko wakilin da suka ba wakilci a rubuce. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa, mai fassarar ya rubuta sunansa ya sa hannu kafin a dangwala yatsa.