Gahawa mai duhu a teburin shayi: in soya da kaina ko in sayi gari?

Mai Shayin Fagge: Salamu alaikum. Masu zuwa bayan isha'i sun fara neman gahawa mai duhu, mai nauyi a baki, wadda ɗacinta ke kama da na cakulan. Kasko da gawayi gare ni, ba ni da injin niƙa. In sayi ɗanyar ƙwaya in soya, ko in tsaya kan niƙaƙƙen gari?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Soya da kanka. Giram 250 a kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, kada hannu ya bar juyi. Wajen minti 10 za ka ji tana fashewa kamar gugguru. Kada ka sauke. Duhun da kake nema yana bakin fashewa ta biyu, mai siririyar ƙara, lokacin da maiƙo ya fara tsattsafowa a jikinta. Nan take ka juye a faranti ka fifita, don zafin jikinta kaɗai na iya ƙona ta. Ta kwana biyu ko uku kafin daka. Kuma ɗanyar ta fi arha nesa ba kusa ba.

Abu Zainab: Arhar ta ido ce. Kilo ɗaya idan ya sha suya mai duhu, da ƙyar ya wuce giram 800. Ƙara kuɗin gawayi ka gani.

Injiniya: Sayi injin niƙa na lantarki kawai.

Baban Ummi: Ku dai ku yi hattara da garin da ake aunawa a leda ba suna. Wani mai shayi a Kurna ya zuba jarinsa a irinsa, ashe an cakuɗa da soyayyar masara. Ba ƙamshi, sai kauri da warin ƙuna. Masu sha suka watse, mai kayan ya ce ba ya karɓar abin da aka buɗe, bawan Allah har yau bashi yake biya. Gwajin ba wuya: barbaɗa cokali ɗaya a kofin ruwan sanyi. Gahawa zalla takan ɗan jima tana yawo a sama, gaurayen kuwa ya nutse da wuri ya rina ruwan.

Alhajin Gwale: Allah Ya mayar masa da alheri. Amma duk kun kauce. Gahawar ƙwarai ita ce ta Saudiyya, suya sama-sama, a sha da dabino.

Ɗan Kurmi: Alhaji, da girmanka, mai duhu ya ce. Tsarin Sudan ne zai yi masa: suya mai duhu, daka a turmi, citta kaɗan. Giram 60 a lita ɗaya, ruwa ya tafasa a sauke shi ya huce na rabin minti, a jiƙa minti 4, a tace. Ya wuce haka, ɗaci ya danne komai.

Alhajin Gwale: Yaro, waɗanda suka sha ta a tushenta ake tambaya.

Na Sabon Gari: In nau'in gahawar da ake kira Robusta ka samo, sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na nau'in Arabica. Masu gadin Fagge duk sun zama naka 😂

Abu Zainab: Duk wannan aikin banza ne in ruwan ba kyau. Na wasu rijiyoyin burtsatse gartsi gare shi, yana kashe ƙamshin tun a tukunya. Ga 'yan garuwa kullum ƙarin kuɗin jarka, famfo kuwa a unguwanni da yawa sai labari.

Baban Ummi: Ai maganar famfon nan ita ce. Ku a wajenku yana zuwa?