Shin kashbak na rage wa mai saye kuɗi da gaske?

Aminu: Jama'a, ga matsayina: duk wanda ya yi sayayya a intanet bai bi ta shafin kashbak irin su Rakuten, TopCashback ko Quidco ba, ya bar kuɗinsa a ƙasa. Kayan ɗaya ne, farashin ɗaya ne, sai a dawo maka da kashi 2 ko 5 ko 10 cikin 100. Ina asarar take?

Malam Isyaku: Mu fara da inda kuɗin ke fitowa, Aminu. Shafin nan dillali ne. Ka danna mahaɗinsa, ya kai ka shagon, ya bar alama a burauzarka cewa shi ya kawo ka. Da ka biya, shagon ya ba shi la'ada ta hannun kamfanonin tsakiya irin su Awin ko CJ, shi kuma ya gutsura maka. Kuɗin na gaske ne, ban musa ba. Amma Rakuten ta sayi shafin kashbak na Ebates a 2014 kan dala biliyan 1, kuma ba don sadaka ta biya ba. Shago na fitar da la'ada ne don ka saya a wurinsa ba tare da ka leƙa wani wuri ba.

Hajiya Rabi: A nan lissafin Aminu ke rushewa. A ce takalmi fam 120 ne a Ingila, kashbak kashi 5. Mutum ya ɗauka fam 6 zai samu. Galibin shaguna kan cire harajin VAT da kuɗin kawo kaya kafin su lissafa. VAT a can kashi 20 ne, wato asalin farashi fam 100, rabonka fam 5. Takalmin ya tsaya maka a 115. Idan wani shagon na sayar da shi 110 babu kashbak, wa ya ci riba? Sannan a kula da "har zuwa kashi 10". Goman na iya zama na tufafi kaɗai, waya da kwamfuta kuwa kashi 1 ko babu.

Aminu: Hajiya, ai wannan laifin mai saye ne da bai kwatanta farashi ba. Ni ina maganar wanda ya riga ya gano shago mafi araha, sannan ya duba ko yana cikin shafin. Kuma ki dubi inshorar mota da kwangilar intanet ta gida a Ingila, inda ake ba da tsayayyen kuɗi, fam gommai a tashi ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zainab: Ko shi ma wannan ɗin, Yaya Aminu, sai alamar ta kama. Abubuwan da ke ɓata ta suna da yawa. Manhajar toshe talla na hana ta zama. Idan shagon ya tambayi izinin ajiye alamomi ka ƙi, ta tafi. Ka danna a burauza wayar ta jefa ka cikin manhajar shagon, sau da yawa sarƙar ta tsinke. Wani abin da ke yawan faruwa kuwa shi ne, mutum ya kai wurin biya, sai ya buɗe wani shafi neman lambar ragi. Ƙa'idar ita ce wanda aka danna a ƙarshe shi ke da la'ada, don haka ta koma wa wancan shafin. Hanyar da ta fi tsira: kwando babu komai, ka danna mahaɗin, ka zaɓi kaya, ka biya a zama ɗaya, ka ajiye lambar oda saboda ƙorafi.

Malam Isyaku: Wannan ƙa'idar ta dannawar ƙarshe ce ta jawo rigimar Honey, manhajar burauza mai neman lambar ragi, wadda PayPal ta saya kan kusan dala biliyan 4. A Disamba 2024 aka zarge ta da sauya alamar masu tallan da suka kawo mai saye da tata a wurin biya, har aka shigar da ƙararraki a Amurka. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idojin sana'ar ne.

Bashir: Mu bambanta wannan da abin da muka sani a gida. Kashbak ɗin da OPay da PalmPay ke bayarwa kan katin waya da data wani abu ne daban: ɗan kaso ne da galibi a cikin manhajar za ka kashe shi, don kada ka koma wata. Ga mai sayen data kowane wata, ba laifi. Wanda ya ce ka fara zuba kuɗi, ka riƙa danna odar ƙarya ana lissafa maka "kashbak" kullum, damfara ce tsagwaronta. Na gaskiya ba ya neman ajiya.

Hajiya Rabi: Saura jira. Kuɗin na zama a rataye har lokacin mayar da kaya ya wuce kuma shagon ya biya la'adar, makonni ko watanni. Na otal sai bayan ka kwana. Ka mayar da kaya, an soke. Shagon ya ƙi amincewa, shafin ba ya ɗaukar alhaki, yana nan a sharuɗɗansu. Rakuten ta Amurka ma sau huɗu take biya a shekara, kuma sai abin ya haura dala 5.

Aminu: Duk na ji, amma babu wanda ya nuna min cewa mai bin matakan Zainab ya yi asara.

Malam Isyaku: Bai yi ba, muddin ba saƙon "an ninka kashbak yau kaɗai" ne ya taso shi ba. Wanda ya kashe fam 80 kan abin da bai yi niyya ba don a dawo masa da fam 8, fam 72 ne suka fita daga aljihunsa.

Zainab: Kuma da zarar an ce kuɗin ya isa cirewa, a cire shi. Shafin ba banki ba ne, kariyar ajiya ta FSCS a Ingila ba ta shafi abin da ka tara a ciki ba idan kamfanin ya durƙushe.