An ba ni riƙon kuɗin ƙungiyar iyaye a makarantar ɗana: ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, ɗana kuma yana buga ƙwallon ƙafa a makarantar sakandaren gwamnati. Akwai ƙungiyar iyaye da ke tara kuɗi domin sayen rigunan wasa, biyan kuɗin mota da ciyar da yara ranar gasa, kuma a taron da ya gabata aka zaɓe ni ma'aji. Wadda na gada ta miƙo mini kwalin takalmi cike da rasitai, wasu tawadarsu ta goge, sannan ta shaida mini cewa kuɗin ƙungiyar suna cikin asusunta na banki. Ban zarge ta da komai ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ga shi wasu iyaye suna so a sayar da tikitin ƙuri'a a ba wanda ya ci kyauta. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan amana.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya taya ki riƙo. Abin da ya fi gaggawa shi ne raba kuɗin jama'a da aljihun mutum ɗaya, ko da mutumin nan ya fi kowa gaskiya, domin zargi ba ya jiran hujja. Ki nemi lambar shaidar ƙungiya da ake kira EIN daga hukumar haraji ta IRS, kyauta ake bayar da ita, da ita kuma za ku buɗe asusu da sunan ƙungiyar. Ku rubuta a tsarin mulkinku cewa ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba.

Sai ki bincika ko ƙungiyar tana da rajistar yafe haraji ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka. Kada ki ɗauka cewa ta makarantar ta shafe ku, domin a idon hukuma ku dabam ne. Idan abin da kuke samu a shekara bai wuce dala 50,000 ba, ɗan gajeren fom mai lamba 990-N ake cikewa ta intanet, amma duk ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta cike ba, rajistarta ta faɗi kai tsaye. Da yake shugabanni suna sauyawa da zarar 'ya'yansu sun gama makaranta, nan ne aka fi yin sakaci. Lokacin da na riƙe muƙamin, mu biyu muke zama a bayan rumfar sayar da lemo bayan an tashi wasa, mu ƙirga cinikin, kowa ya sa hannu a takarda ɗaya, washegari a kai banki.

Amsa ta biyu: 'Yar'uwa, na yarda da bayanin Malam, sai dai ina ganin ya kamata ki fara da ofishin shugaban makaranta kafin banki, saboda kowace gundumar ilimi tana da nata ƙa'idojin karɓar gudummawa. Dokar Title IX ta 1972 ta wajabta wa makaranta daidaita kulawa tsakanin wasannin maza da na mata, kuma abin da iyaye suka saya yana shiga wannan lissafi. Kada ku danƙa wa koci kuɗi a hannu. Haka nan kada a rubuta wa kowane yaro abin da iyayensa suka tara a cire masa daga kuɗin tafiya. Hukumar haraji ba ta son wannan tsari, kuma ɗan da mahaifiyarsa ke aikin dare shi ne zai cutu.

Batun ƙuri'a kuwa, jihohi da yawa suna ɗaukarta a matsayin caca, kowace da dokarta. Ni na faɗa wa iyayen ƙungiyarmu a fili cewa addinina bai ba ni damar shiga ba, na kawo shawarar wankin motoci da sayar da abinci, kuma ba wanda ya ɓata rai.

Mai tambaya: Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na nemi ganin shugaban makarantar ranar Litinin, na kuma roƙi tsohuwar ma'ajin ta raka ni da takardun bankinta domin mu daidaita su da rasitan tare.