Muhawara: Shin Ƙuri'ar Masu Rinjaye Ce Ta Fi Adalci Wajen Zaɓen Fim Ɗin da Abokai Za Su Kalla?

Dogo: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Maganar da nake tafe da ita ita ce yadda muke zaɓen fim duk ranar da muka haɗu kallo. A ganina babu hanyar da ta kai ƙuri'a adalci: kowa ya kawo fim ɗin da yake so, a ɗaga hannu, wanda ya fi samun hannuwa shi za a kunna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da haka za mu huta da hawa da sauka a jerin finafinai har barci ya fara ɗaukar wasu ba a kunna komai ba.

Malama: Wa alaikumus salam. Na yarda ƙuri'a tana da sauri, amma ban yarda ita ce ta fi adalci ba. Adalcinta yana fitowa ne inda masu rinjaye suke sauyawa, yau kana cikinsu, gobe wani ne. A tsakanin abokai kuwa, abin da ran mutum yake so ba ya sauyawa daga mako zuwa mako. Idan mutum biyar cikin bakwai suna son finafinan faɗa da harbe-harbe, sauran biyun kuma suna son labarin da yake tafiya a hankali, to biyun nan za su sha kaye a wannan makon, su sha a na gaba, haka har shekara ta ƙare. Za ka ga ɗayansu ya koma danna waya tun fim bai yi nisa ba, daga nan ya fara kawo uzuri, daga baya a neme shi a rasa. Ni karɓa-karɓa nake goyon baya, kowa da ranarsa.

Baffa: Zan ƙara a kan maganar Malama, domin ita kanta ƙuri'ar tana da wata illa da masana lissafi suka daɗe da ganowa. Tun a 1785 wani masani ɗan Faransa, Condorcet, ya nuna cewa jama'a za su iya jefa ƙuri'a bisa gaskiya amma a rasa abin da za a kira zaɓinsu. Ku ɗauka mutum uku ne da finafinai uku. Na farko ya fi son na soyayya, sai na yaƙi, sai na barkwanci. Na biyu ya fi son na yaƙi, sai na barkwanci, sai na soyayya. Na uku ya fi son na barkwanci, sai na soyayya, sai na yaƙi. In aka kara na soyayya da na yaƙi, na soyayya ya ci da biyu. In aka kara na yaƙi da na barkwanci, na yaƙi ya ci da biyu. Amma in aka kara na barkwanci da na soyayya, sai na barkwanci ya ci. Ashe wanda ya tsara waɗanda za a fara karawa, wato galibi mai riƙe da rimot, shi ne ya zaɓi fim ɗin, alhali kowa yana ganin jama'a ce ta zaɓa.

Dogo: Baffa, lissafinka daidai ne, sai dai ba kullum ra'ayoyi suke jeruwa haka ba. Karɓa-karɓar da Malama take so ita ma tana da nata zaluncin. Yawancin finafinan Amurka ba su cika wuce awa biyu da 'yan kai ba, amma da yawa daga cikin na Indiya suna kusantar awa uku. A ce mutum shida su zauna tsawon wannan lokaci a gaban abin da mutum ɗaya kaɗai yake so, don kawai yau ranarsa ce? Ƙuri'a ko ba komai tana tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda suke zaune sun ji daɗi.

Auta: Yaya Dogo, da izininka, ɗaga hannu a gaban juna ba ya nuna abin da yake cikin zuciya. Muna yi wa juna kara. Idan mai masauki ko babba a cikinmu ya fara ɗaga hannu, sauran sukan bi don kada a ga sun fita daban. Wani masanin harkar gudanarwa a Amurka, Jerry Harvey, ya yi rubutu a kan wannan a 1974, inda ya ba da labarin yadda shi da iyalinsa suka yi doguwar tafiya cikin zafi zuwa garin Abilene a jihar Texas, sai bayan sun dawo suka gane babu ko ɗaya a cikinsu da ya so tafiyar, kowa ya amince ne don yana zaton sauran suna so. In har za a yi ƙuri'a, a yi ta a asirce, kuma kowa ya nuna duk finafinan da zai iya zama ya kalla, ba guda ɗaya kawai ba.

Malama: Shawarar Auta ta fi ɗaga hannu, amma ina tsoron inda za ta kai mu. Fim ɗin da kowa zai iya jurewa sau da yawa shi ne wanda babu wanda yake ɗokinsa, irin wanda ake tashi a kai ba wanda ya ce uffan. Ni kuwa abin da ya sa nake son kallo da abokai shi ne hirar da take biyo baya, da kuma damar ganin abin da ni kaɗai ba zan taɓa kunnawa ba. Manhajojin kallo sun riga sun iya kawo wa mutum irin abin da ya saba kalla. Aboki ne kaɗai zai ce, zauna ki ga wannan, na san ba irin naki ba ne, amma ki yi haƙuri da rabin awar farko.

Baffa: To, a yi karɓa-karɓar amma da sharaɗi. Mai zaɓe ya sanar kwana biyu kafin ranar, ya faɗi tsawon fim ɗin, da harshensa, da ko akwai fassara, da kuma shekarun da aka ware masa. Alamomin nan na shekaru da Amurka ta fara amfani da su a 1968, aka ƙara PG-13, wato alamar gargaɗin iyaye a kan yaran da ba su kai shekara 13 ba, a 1984, ba su faɗin komai da komai, amma suna ba da haske. Sannan kowa yana da ikon hawa kujerar na-ƙi idan fim ɗin ya ƙunshi abin da ya saɓa wa imaninsa, ko tsiraici, ko zubar da jinin da ba zai iya kallo ba. Rashin sha'awa kaɗai ba hujja ba ce.

Dogo: Wa zai tantance ko imani ne ya hana mutum ko kuwa rashin sha'awa ce ya lulluɓe?

Malama: Babu wanda zai tuhumi ɗan'uwansa a kan wannan. In ya ce ba zai iya ba, a karɓa, mai ranar ya kawo wani fim, ranar tana nan a hannunsa.

Dogo: Zan bi wannan tsari mu gwada, amma ban janye maganata a kan tsawon fim ba. Duk wanda ya haura awa biyu da rabi, ina ganin sai an nemi amincewar mafi yawanmu kafin a kunna shi, ko da ranar wace ce. Kuma wanda bai zo kallon zaɓin wasu ba, kada ya sa ran za a riƙe masa tasa ranar.