"In da rai da rabo": jaje ne ko rufe bakin yaro?

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taya ni duba karin maganar nan ta "in da rai da rabo", ta tsaya min a rai. Ɗan yayana ne yake zaune a wurina yanzu, shekararsa 15, mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, kwanakin baya kuma gobara ta cinye gidansu cikin dare, Allah ya sa duk sun fita da ransu amma ko tsinke ba a tsira da shi ba. Uwarsa da ƙannensa suna wurin danginta, shi aka kawo min saboda makarantarsa ta fi kusa da mu. Duk wanda ya zo jaje magana ɗaya ce, ka yi haƙuri in da rai da rabo, shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ran nan bayan mutane sun watse sai na ji yana ce wa ɗana, suna ta cewa rabo rabo, hotunan Babana ma za su dawo cikin rabon? Tun ranar ban sake faɗa masa ba. To karin maganar ce ba ta dace da nan ba, ko shi ne bai kai ya gane ta ba?

Dattijo:
Wa alaikumus salam Gwaggo, Allah ya mayar da alheri ya kiyaye na gaba. Maganar kam daidai take, magabata ba su ajiye ta a banza ba. Ma'anarta muddin numfashi bai ƙare ba to abin da Allah ya rubuta maka bai ƙare ba. Yaro ne, zafin abin ne yake magana a bakinsa, nan gaba da kansa zai faɗa wa wani. Ki ci gaba da tuna masa, kunne ya riƙa ji ko zuciya ba ta karɓa ba tukuna.

Malam Mai Alli:
Baba ban ja da ma'anar ba, inda nake da magana shi ne a kan wa ake faɗa wa kuma yaushe. Ni a fahimtata wannan magana ta mai asarar abin da ake iya sake samu ce, mutum ya yi asarar jari ko dabba ko aiki, ka ce masa tashi ka sake nema. To shi wannan yaron abin da yake kuka a kai ba na sayarwa ba ne, ɗakin da ubansa ya zauna, rubutun hannun uban, hoton da yake dubawa in ya fara manta kamanninsa. In ka ce masa da rabo a gaba, abin da kunnensa yake ji shi ne wanda ya wuce ba komai ba ne, ka daina magana. Kuma yara masu wannan shekarun suna da saurin gane lokacin da babba yake son a rufe zance, sai su ce haka ne su haɗiye, kai kana ganin ya yi haƙuri alhali ya dai daina gaya maka ne.

Ɗan Kwana-kwana:
Ni kam zan kare karin maganar, amma daga wani ɓangare. A aikinmu ita ce maganar da muke riƙe mutane da ita a bakin ƙofa. Mutane suna zaton harshen wuta ne yake kisa, alhali mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne yake kayar da su, a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana shaƙa kansa ya juye ya rasa hanyar ƙofar ɗakinsa na kansa. Shi ya sa ake cewa a yi rarrafe a ƙasa don hayaƙi sama yake yi, kuma in ka fita to ka fita kenan, ba komawa. Sau nawa mutum ya fito lafiya ya tuna takardu ko waya ya juya ciki, shi kenan. A wannan daren in ka damƙe hannun mutum ka ce masa in da rai da rabo, wallahi babu maganar da ta fi ta. Bayan sati uku a falo kuwa, wannan sai dai ku masana.

Malam Mai Alli:
Yauwa ɗan'uwa, ai ka ma fi ni faɗa. Maganar daren gobara ce.

Dattijo:
A'a Malam kar ku ƙuntata ta haka. In ta daren gobara ce kawai me za a gaya wa mutum a sauran kwanakin, a zauna a yi shiru ana kallonsa? Haƙuri ai koya wa yaro ake yi.

Almajirin Ilimi:
Baba haƙuri gaskiya ne amma haƙuri bai hana baƙin ciki ba. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ɗin ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya nuna ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki, baki ne dai ba ya faɗin abin da Allah ba ya so. To yaron da ya tambayi hotunan babansa bai yi saɓo ba, tambaya ya yi, kuma amsarta ta gaskiya ita ce a'a waɗancan ba za su dawo ba, kuma abin akwai ciwo. In aka fara ba shi wannan amsar, ina ganin zai fi iya karɓar karin maganar daga baya.

Nas Mai Dare:
Gwaggo sannu da ƙoƙari. Ni karin maganar da zan ba ki ta riƙewa ita ce kukan kurciya jawabi ne mai hankali ke ganewa, domin matashi ba kasafai zai zo ya ce miki ina cikin damuwa ba, a jikinsa za ki gani. Rashin barci, mafarkin wuta, firgita in ya ji ƙaurin wani abu, yawan duba soket kafin ya kwanta, saurin fushi, ko karatu ya ja baya. A makonnin farko wannan duk ba abin tsoro ba ne, yawancin mutane yana lafa musu da kansa in suna cikin kwanciyar hankali. Amma in ya wuce wata ɗaya abin bai ragu ba ko yana ƙaruwa har yana hana shi makaranta, to a kai shi wurin likitan da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar zama da tattaunawa kuma yana aiki ga yara. In kuma kika ji yana maganar gara ma ya mutu, wannan ba a jira wata, ranar za a kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2011 kan agajin farko ga wanda masifa ta faɗa wa, gundarinsa shi ne ka lura, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata, kuma kar a matsa masa lallai sai ya ba da labarin abin da ya faru. Batun hoto kuwa ki tambayi dangi da abokan marigayin, da wuya a rasa wanda yake da ko guda a waya ko a tsohon albam, ki sa shi yaron ya yi yawon tattarawa da kansa.

Ɗan Birni:
Ai dama an ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, dole ya ji wani iri a gidan mutane.

Malam Mai Alli:
Haba ɗan'uwa wannan ba wurinta ba ne sam. Ana faɗinta ga wanda ya juya wa asalinsa baya da son ransa, gargaɗi ce. Yaron da aka ɗauko cikin hayaƙi da kayan barci ai bai bar gida ba. Don Allah kar wani ya faɗi wannan a gabansa, kuma ba gidan mutane yake ba, gidan ƙanwar ubansa ne.

Wadda Ta Gani:
Na daɗe ina karantawa ban so na sa baki ba amma bari dai na faɗa, domin ni ma gidanmu ya ƙone ina sakandare aka rarraba mu gidajen dangi. In da rai da rabo na sha ta har na gaji, amma gaskiya ba ita ta fi ci min rai ba. Wadda take yawo a kaina ita ce baƙo raɓa ne, ba wanda ya faɗa min ita, ni nake faɗa wa kaina. Mutanen gidan sun yi min kirki iyakar kirki, kirkin ne ma ya yi yawa, ba a aike na ba a sa ni shara, in yaran gidan suka yi laifi a yi musu faɗa ni a ce ƙyale ta da abin da ke damunta, in ana hira na shigo sai a rage murya, kayan da aka tara min na jaje suna cikin jaka a bayan ƙofa ban taɓa zazzage su ba don ina jin kamar gobe za a ce na tashi. A makaranta kuma sunana ya koma yarinyar da gidansu ya ƙone, kowa kallon tausayi. Ranar da abin ya fara sakina ita ce ranar da matar kawuna ta daka min tsawa saboda na bar famfo a buɗe, irin tsawar da take yi wa 'ya'yanta sak, ta kuma ce daga yau ke za ki riƙa raka ƙaramin makaranta. Na shiga ɗaki na yi kuka amma daren na jera kayana a durowa. Gwaggo ki duba ko yaronki ya zazzage jakarsa.

Gwaggon Yara:
Innalillahi. 'Yar'uwa wallahi tana nan a ɗaure ƙarƙashin gado, kuma abin da kika lissafa duk muna yi, ni na hana a aike shi.

Dattijo:
To a nan sai a yi hattara 'yata. Maraya ne fa, ga gobara, in Gwaggo ta fara aikensa da yi masa tsawa gobe dangin uwa za su ce an mayar da shi bawa. Ɗa na kowa ne, kuma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a sakar masa fuska a kyautata masa, shi ne abin da aka sani.

Wadda Ta Gani:
Baba da girmanka, shimfiɗar fuska baƙo ake yi wa, kuma ta yi kyau a satin farko. Ɗan gida kuwa ana sakar masa fuska ana kuma ɗaure masa. Ɗa na kowa ne ɗin da ka kawo ma ai abin da take nufi kenan, duk wanda ya isa ya kula da yaro ya isa ya tsawata masa. Ban ce a fi sauran yaran ɗora masa ba, daidai da su kawai, kuma a gaya wa uwarsa ta sani.

Almajirin Ilimi:
Akwai abin da ya dace da wannan a tarihi. Da Muhajirai suka baro gidajensu da dukiyarsu suka isa Madina a shekarar 622, an ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar, Sa'ad bin Rabi'a ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Mutumin da ya rasa komai yana son a ba shi, amma ya fi son ya ga shi ma yana da abin da yake bayarwa. Yaro ɗan 15 ba kasuwa zai je ba, amma zai iya koya wa ƙaramin gida lissafi, zai iya riƙe makullin ƙofa.

Malam Mai Alli:
Ga makaranta kuma kar a raina ta. Gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017 ta kashe mutum 72, kuma a cikin waɗanda suka tsira akwai wata yarinya 'yar 16 da gari na wayewa ta tafi ta rubuta jarrabawarta ta kimiyyar sinadarai. Mutane sun yi ta mamakin ƙarfin halinta, ni abin da na ɗauka a ciki shi ne aji da abokai su ne abin da wuta ba ta taɓa ba a rayuwar yaro, kujerarsa tana nan inda ya bar ta. Shi ya sa na ji daɗi da aka kawo shi kusa da makarantarsa maimakon a canza masa. Akwai kuma binciken wata masaniyar halayyar yara mai suna Emmy Werner a tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har girmansu, cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yi ta fitowa a labarinsu shi ne samun babba ko da guda ɗaya da ya riƙe su da gaske, sau da yawa ma ba iyaye ba, kaka ko gwaggo ko malami. Gwaggo ki je ki ga malamin ajinsa, a sama masa littattafai da yunifom ba tare da an tsayar da shi gaban asambuli ana tara masa kuɗi ba, wannan yana kashe yaro da kunya.

Dattijo:
Na ji, aiken da makullin ban ƙi ba. Amma karin maganar ba zan yarda a jingine ta ba, wata rana zai buƙace ta.

Gwaggon Yara:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Saura abu ɗaya, ya ce yana son ya je ya ga gidan, uwarsa ta ce a'a kar a tayar masa da hankali. Me kuka gani?

Nas Mai Dare:
In shi ya nema da bakinsa ni ina ganin a bar shi, ki lallashi uwar, ki raka shi da rana, in ya ce a juya tun daga bakin layi a juya ba gardama.

Ɗan Kwana-kwana:
Ya je amma daga waje zai tsaya sai wanda ya san gini ya duba ya ce babu haɗari, bangon da ya sha wuta ya sha ruwa yana iya zubowa ba sanarwa, rufin ma haka, kuma a tabbatar an yanke lantarkin gidan. In an ba da izinin shiga a sa takalmi mai tauri da safar hannu da takunkumi saboda tokar, kuma ku tafi da leda, zai so ya tsinci wani abu ko da cokali ne, kar a ce masa ya yar.